Magulmaciya a Ƙarƙashin Ɗankwalina

Ku matso kusa, yau ba zan ɓoye muku komai ba. Wadda take shan ruwa ta ajiye kofin tukuna, ba na so a ce na sa wata ta ƙware.

Ga waɗanda ba su san ni ba: Auta ake ce min a gida, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a shagon buga takardu, kuma ina da farfaɗiya. To, na faɗa. A gidanmu ba a kiran sunanta, sai dai a sassauta murya a ce “abin nata”. Tawa ba mai kayarwa ba ce, shekara shida rabona da faɗuwa tun da na dage da shan magani. Ƙananan ne suka rage. Ina cikin magana sai in ɗauke wuta, in ƙura wa bango ido, in yi ta lasar leɓe ina murza bakin rigata. Rabin minti, minti ɗaya, sai in dawo. Ni ban ma san na tafi ba, sai dai in ga ana kallona kamar na tsiro da ƙaho.

Samari biyu na gaya wa gaskiya. Na farko ya ce zai je ya yi shawara, yau shekara uku yana can yana shawarar. Na biyu ya fi shi kirki, ya turo min dogon saƙo har da addu'a a ƙarshe. Tun daga nan Mama ta kafa doka.

“Duk wanda ya sake zuwa, ki ja bakinki ki ɗinke. In an yi aure ya gani da idonsa.”

Sai ga na uku. Mai Lantarki. Ya zo shagonmu gyaran wani soket da ke ƙona mana injin, ya gyara a minti goma, amma ya yi sati biyu yana dawowa duba shi. Dogo ne, ba ya son hayaniya, kuma ba ya shiga ɗaki bai fara ɗaga kai ya kalli silin ba. Saƙonsa na soyayya mafi zafi a wata huɗu shi ne: “Kin ci abinci? Ki riƙa zare abin caji in kin gama.” Ku yi ta dariya. Ni dai sau nawa na karanta shi, ban ƙirga ba.

Ana cikin haka layina ya zo a asibiti. Likita ya daɗe yana so ya san sau nawa ƙananan ke zuwa min a rana, don ya daidaita magani, ni kuma ba ni da amsa tunda ba sallama suke yi ba. Wata biyar ina jiran wannan gwaji. Ranar Laraba na tsefe kitsona na je. Nas ta auna kaina da tef kamar za ta ɗinka masa riga, ta yi ta ɗiga alama da fensir, sannan ta manna min ƙananan maɓallai ashirin da ɗaya da wani gam mai wari. Kowane maɓalli da wayarsa, ja da shuɗi da rawaya. Aka haɗe su wuri guda kamar jela, suka bi bayana zuwa wani ɗan akwati mai girman sabulu da aka rataya min a ƙugu.

“Kwana uku,” in ji nas. “Ba wankin kai, ba cirewa.”

Sai wata matashiya mai gilashi ta shigo rungume da kwamfuta. Ita ce mai koya wa na'urar aiki, don haka na sa mata Malamar Na'ura. Ta juyo min da allon, na ga layuka suna ta rawa.

“Wannan wutar ƙwaƙwalwarki ce,” ta ce. “A da, likita ne zai zauna ya duba zanen kwana uku layi-layi har idonsa ya yi ja. Sai muka tara zanen mutane masu yawa, likitoci suka yi alama: nan ciwo ne, nan barci ne, nan mutum ƙifta ido kawai ya yi. Muka ba kwamfuta ta yi ta kallo har ta fara ganewa da kanta.”

“Wato ɗaliba ce?”

“Ɗaliba ce. Tana da ƙoƙari, sai dai akwai azarɓaɓi. Duk lokacin da ta zaci ciwon ne, za ta yi ƙara a wayata da wayar mutum ɗaya a gidanku. Ni kuma in tambaye ki me kike yi a lokacin. In ta yi kuskure mu gyara mata.”

Kafin in buɗe baki Mama ta miƙa wayarta.

Jama'a, ranar farko kaɗai! Ina goge baki, wayar Mama ta ɗauki jiniya, ta banko ƙofar banɗaki da gwiwa ta same ni da kumfa a baki. Ta ƙwalla salati. Da ƙyar na nuna mata buroshin. Ina tauna cingam, jiniya. Na yi atishawa uku a jere, jiniya.

“Wannan ba na'ura ba ce,” Mama ta ce tana haki, “magulmaciya ce. Ko maƙwabta ba su sa mana ido haka ba.”

Sunan ya bi ta.

Ranar Alhamis da rana saƙonsa ya shigo: “Gobe da yamma zan zo gida in gaida Mama. Jibi zan tafi wani aiki na wata guda. Akwai magana.”

Akwai magana! Na kalli madubi. Kaina kamar bayan tsohuwar rediyo da aka kwance.

Mama ta kira Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ba a taɓa kawo mata matsalar da ta ce ta fi ƙarfinta ba. Ta iso da jaka, ta zagaya ni sau biyu tana riƙe da haɓa.

“A cire,” in ji Mama. “Awa biyu kacal. Mu mayar da kanmu.”

“Mama, wata biyar na jira. Ko maɓalli ɗaya ba za a taɓa ba.”

“To a gaya masa ba kya nan.”

“Ko kuma a gaya masa gaskiya,” na ce a hankali.

Kallon da suka yi min, da madara ce ni da na tsinke.

Gwaggo ta tafa hannu. “Ku kawo min yadi shida.”

Washegari ta fara aiki tun bayan azahar. Na sa doguwar rigata ta leshi ruwan sararin sama mai ƙananan duwatsu a wuya, aka tura Magulmaciya ƙarƙashinta ta baya, aka liƙe jelar wayoyin da filasta a gadon bayana. Sannan Gwaggo ta hau ɗauri. Ta naɗa, ta ninka, ta soka allura, ta ja da baya ta duba, ta ƙara hawa. Da ta gama sai da na sunkuya kafin in fita ƙofar ɗaki. Da muka shiga falo, Mama ta kalli fankar silin, ta kalli kaina, ta je ta kashe fankar.

Ƙarfe huɗu daidai ya yi sallama. Farin yadi ya sa, guga har tana ɗaukar ido, da agogo, da turare mai sanyi, amma abin gwada wutarsa yana nan maƙale a aljihun gaba kamar alƙalami. Tsarabar da ya kawo wa Mama fitila ce mai caji. Ya durƙusa ya gaishe su, Mama ta yi ta sa albarka, sannan ita da Gwaggo suka koma ɗakin da ke jikin falo, suka bar ƙofa a ɗan buɗe yadda kunne zai wuce.

Ya ɗaga kai zai kalli silin kamar yadda ya saba, ɗankwalina ya tare masa hanya.

“Ma sha Allah,” ya ce. Ya bi shi da kallo har sama. “Ya yi… tsawo.”

“Na gode.”

“Fankar nan ta lalace ne? Ina da kayan aiki a mota.”

“Lafiyarta ƙalau. Mun fi son zafi.”

Wallahi haka na ce. Mun fi son zafi. Gumi kuwa ya fara bin ƙeyata, gam ya fara ƙaiƙayi kamar an zuba min tururuwa. Na daure, na daure. Da ya sunkuya zai zuba shayi, na zari cokali na cusa ƙarshensa ƙarƙashin ɗankwali na ɗan sosa. Kai, daɗi!

Wiiiuu! Wiiiuu!

Mama ta faɗo falo kamar an jefo ta. Ta tsaya a gabana ta leƙa cikin idona, na ƙifta mata sau biyu.

“Labule na zo dubawa,” ta ce wa baƙo. Ta taɓa labulen. “Yana nan.” Ta fita.

Wayata ta yi motsi a cinyata. Malamar Na'ura: “4:22. Me kike yi?”

“Susa.”

“Don Allah ki daina.”

Ya miƙo min faranti. “Ki ci biskit mana, ni kaɗai nake ta ci.”

Ya zan yi? Na ɗauki ɗaya. Ashe irin mai taurin nan ne da sai an sa turmin haƙori. Na gatsa, na fara niƙa a hankali.

Wiiiuu! Wiiiuu!

Wannan karon Gwaggo ce, da matashin kai a hannu, don an taɓa gaya mata a sa wa mai ciwo abu mai laushi a ƙarƙashin kai. Ta ga ina zaune daram ina tauna. Ba ta ko girgiza ba.

“Na baƙo ne,” ta ce, ta ɗora masa a cinya.

Ya karɓa hannu biyu. “Na gode, Gwaggo.”

“4:31. Tauna?”

“Biskit.”

“Na gani. Mai tauri ne.”

Daga ɗaki na jiyo muryar Mama ƙasa-ƙasa: “Kashe min tsinanniyar wayar nan kafin ta kore mana yaro.” Na ji an ɗaga katifa, an mayar.

“Gidanku akwai kula da baƙo,” ya ce, yana rungume da matashin. Sai ya ɗan karkata kai yana kallon wuyana. “Auta, ki yi haƙuri, sana'a ce ba ta barin ido. Akwai waya a wuyanki.”

“Zaren ɗankwali ne.”

“Ja? Mai rufin roba?”

“Sabon yayi ne.”

Ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Na ɗauki kofin shayina don in ɓoye fuska, tururi yana tashi. Shi kuma ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

“Auta, abin da ya kawo ni shi ne…”

Ina ma in iya gaya muku abin da ya kawo shi. Wata huɗu ina jiran wannan jimla, kuma ban ji ƙarshenta ba.

Abin da na sani na gaba shi ne, kofin ba ya hannuna, yana can ƙarshen tebur. Shi kuma yana durƙushe a gabana, gaban farin yadinsa duk shayi, bayan hannunsa ya yi ja. Wayata tana maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗarsa, idonsa a kan agogo. Bakina ya bushe, yatsuna suna riƙe da bakin rigata. Falon ya yi min kamar na wasu, sai a hankali ya koma namu.

“Ta dawo,” ya ce a wayar. “Tana kallona. Daƙiƙa hamsin da biyu.” Ya saurara. “A'a, ban riƙe ta ba. Ban sa mata komai a baki ba. Kofin kawai na karɓe.” Ya sake saurarawa. “Ni? Ni ne… mai lantarki.”

Ya miƙo min wayar. Muryar Malamar Na'ura ba wasa a cikinta yanzu.

“Auta, wannan na gaske ne. Na kira wayar Mama na ji ta a kashe, shi ya sa na kira taki. Kin ji ciwo?”

“A'a.”

“To ki huta. Mutumin nan na kusa da ke, muryarsa tana rawa amma duk abin da na ce ya yi.”

Na ajiye wayar. Ba sauran abin ɓoyewa, ko yadi goma sha biyu Gwaggo za ta kawo. Na sa yatsa na jawo jar wayar fili.

“Farfaɗiya gare ni,” na ce. “Tun ina 'yar shekara sha huɗu. Ina shan magani. Akwai maɓalli ashirin da ɗaya a ƙarƙashin wannan ginin, da na'ura a bayana tana koyon gane lokacin da abin ke zuwa. Jiniyar da kake ji, ita ce.”

Ya zauna a ƙasa inda yake, da farin yadinsa.

“Ba zan yi miki ƙarya ba,” ya ce. “Na tsorata. Ina kiran sunanki, idonki a buɗe, amma ba kowa a ciki.”

“Haka ake cewa. Kamar an ɗauke wuta.”

“Ɗaukewa take yi, ko yawa take yi?”

Na dube shi. A shekara sha uku ba wanda ya taɓa yi min wannan tambaya.

“Likita ya ce yawa take yi a wuri ɗaya, sai ta rikita sauran.”

“Hmm,” ya ce, kamar an nuna masa gidan da ya taɓa yi wa aiki. Sai kuma fuskarsa ta canja. “Wata huɗu, Auta. Me ya sa ba ki gaya min ba?”

“Mutum biyu na gaya wa.”

Bai tambaye ni ina suke ba.

Daidai nan Mama ta shigo da murmushi da farantin kankana, don ta ji shiru ya yi yawa ta zaci magana ta yi daɗi. Ta ga baƙo a ƙasa, ta ga shayi a rigarsa, ta ga jar waya a hannuna. Ta kalli bakina, ita ta san yadda yake komawa in abin ya wuce. Ta ajiye farantin.

“Ya zo?” ta ce.

“Ya zo, Mama.”

“Wayar a kashe take.” Ta nemi hannun kujera ta zauna. “Ni na ce a kashe.”

Mai Lantarki ya miƙe, ya durƙusa ya yi mata sallama da ladabi, ya ce min, “Ki huta.” Ya fita. Bayan minti ɗaya ya dawo, ya ajiye matashin Gwaggo a bakin ƙofa, ashe da shi ya tafi har mota. Ya sake fita.

Na zaci Mama za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta zaro wayar daga ƙarƙashin katifa ta kunna, ta ƙure ƙararta, ta riƙe ta a hannu har muka ci abincin yamma. Gwaggo ta warware min gininta allura bayan allura, tana cewa, “Ɗauri dai ya yi kyau, ba wanda zai ce bai yi ba.” Ni kuwa na duba wayata ya fi sau ɗari. Ko “ki zare abin caji” bai turo ba.

Da safe muka koma asibiti a cire wayoyin. Ina lissafi a raina: yanzu ya kama hanya, yanzu ya yi nisa, yanzu ya shiga sahun masu shawara. Nas ta jiƙa gam ta ciccire maɓallan, gashina ya miƙe cirko-cirko, ga farin gam ya bushe a ciki, kamar bushiyar da ta faɗa cikin fulawa. Mama ta tafi karɓo magani, Malamar Na'ura ta jawo kujera ta buɗe kwamfuta.

“Sau sha ɗaya ta yi ƙara,” ta ce. “Bakwai shirme ne: buroshi, cingam, atishawa, susa, biskit da sauransu. Duk mun nuna mata, za ta koya. Amma huɗu na gaske ne, likita ya duba ya tabbatar.”

“Huɗu? Ɗaya na sani.”

“Ukun, kafin Mama ta iso kin dawo. Kika ce mata ba komai, kika rubuto min ‘ina zaune kawai’. Ba ƙarya kika yi ba, ba ki sani ba ne.”

Na ƙura wa layukan ido, inda suka tashi suka cakuɗe sannan suka kwanta. Ashe duk zagin da muke yi wa Magulmaciya, a cikinmu ita kaɗai ke ganin abin da ke faruwa da ni.

“Yanzu likita ya san abin da zai gyara a maganin,” ta ce. Ta ɗan yi murmushi. “Ina mai lantarkin?”

“Ya tafi aiki.”

Nas ta leƙo da mataji a hannu. “Akwai masu nemanki a waje. Na ce su jira, sun ce a'a.”

Kafin in jawo mayafi ƙofa ta buɗe. Shi ne, da kayan aikinsa, da bandeji a bayan hannu, da wata takarda da ya cika da rubutu gaba da baya, har da lambobi a gefe.

“Ba ka tafi ba?”

“Na ɗaga zuwa jibi. Ina da tambayoyi ga likita.” Ya kalli takardar. “Ashirin da uku ne.”

Dariya ta taso min tare da kuka, na rasa wanda zan fara. Sai ya matsa gefe, na ga ba shi kaɗai ba ne. Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce a bayansa, da farin mayafi da ƙatuwar jaka, idonta sak irin nasa.

“Mahaifiyata ce,” ya ce. “Na gaya mata komai.”

Jama'a, jiya na sha yadi shida don kada ɗanta ya ga waya ɗaya, yau ga ni gaban uwarsa kai ba ɗankwali, gashi kamar an ja min wuta. Na zame daga kujera zan durƙusa in gaishe ta.

Ta dube ni tun daga ƙafa har kan bushiyar. Sannan ta juya ga ɗanta.

“Kai, fita da takardarka.”

Ya fita. Ta kalli Malamar Na'ura, ita ma ta rungumi kwamfutarta ta bi bayansa. Tsohuwar ta karɓi matajin daga hannun nas, ta tura ƙofa ta rufe, ta ajiye jakarta a kan gado.

“Koma ki zauna, 'yar nan.”

Na zauna. Ta tsaya a bayana, ta kama gashina ta fara taje gam ɗin daga ƙarshe, a hankali, yadda ba zan ji zafi ba. Hannun wanda ya san aikin ne. Ba ta tambayi nas yadda ake cire shi ba.

“Ke kin faɗi naki, kin kyauta,” ta ce. “Yanzu ki tsayar da kanki wuri ɗaya ki saurare ni. Akwai abin da na ɓoye wa yaron nan shekara talatin. Ni ma ina da irin naki.”